Wutar bakin gajeriyar bindiga: abin da take ƙonawa da abin da take bari a baya

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da koyar da harbi, ko kula da filin atisaye, ko binciken musabbabin gobara, ya sha jin tambayar nan: wutar da ke tashi a bakin gajeriyar bindiga da dare, wadda wani lokaci takan kai girman ƙwarya, tana iya kama ɗaki ko ciyawa? Wasu sukan ce walƙiya ce kawai, ba ta ƙona komai. Wasu kuma su ce duk abin da ta lasa ya kama. Amsoshin nan biyu sun jawo asara, ta farko ta hanyar sakaci, ta biyun kuma don tana sa mutum ya zuba wa harshen wutar ido ya manta da wuraren da gobara ta fi fitowa. Abin da aikin ya koya mana shi ne a riƙa yin tambaya biyu a kowane wuri: tsawon wane lokaci zafin zai daɗe, kuma me zai tarar a gabansa.

Sai an san abin da ke faruwa a cikin bututu kafin a gane na waje. Harsashin 5.56 na sojojin NATO yana ɗauke da albarushi kimanin giram 1.6 zuwa 1.7, harsashin AK-47 ma kusan haka, na fistol mai faɗin milimita 9 kuwa bai kai rabin giram ba. Da an taɓa kunama, albarushin zai kama ya rikiɗe ya zama iska mai zafin da ya haura digiri 2,000, ita ce ke tunkuɗa kan harsashin. Tafiyar harsashi daga gindin bututu zuwa baki ba ta wuce kimanin kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. A wannan ɗan lokaci iskar tana buɗewa, tana ba harsashi ƙarfinta, tana hucewa. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfin albarushin ke shiga harsashi; sauran yana tafiya a zafin ƙarfe da iskar da ke fita. Dogon bututu yana ba iskar filin da za ta gaji kafin ta fito. Gajere kuwa yana sakinta da sauran ƙarfinta. An tsara harsashin 5.56 ne don bututun raifal ɗin M16 mai tsawon milimita 508. Da aka zo M4 aka rage zuwa 368, akwai kuma masu 260 da 'yan kai. Idan aka raba tsawon na M16 biyu, matsin iskar da ke bakin bindiga lokacin da harsashi ya fice yakan kusan ninkawa. Albarushin bai ƙaru ba, wurin hucewarsa ne ya ragu.

Akwai kuskuren da ya yaɗu har a bakin waɗanda suka daɗe da riƙe bindiga, wai ƙwallon wutar nan albarushin da bai ƙone ba ne yake ƙarasa ci a waje. Akwai ɗan gaskiya a ciki, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Albarushin zamani marar hayaƙi, wanda ake yi da naitiroselulos, ba ya ɗauke da isasshen oksijin da zai cinye kansa tas. Saboda haka iskar da yake fitarwa cike take da kabon monoksaid da haidurojin, waɗanda sukan kai rabinta ko fiye, kuma dukansu makamashi ne da ke jiran iska. A cikin bututu ba su da abin da za su ci da shi. Da sun fito sun gauraya da iskar duniya, in zafinsu ya kai, sai su kama gaba ɗaya. Shi ya sa masana ke raba walƙiyar kashi uku. Akwai ɗan jan haske a daidai bakin, wanda zafin iskar ne kawai. Akwai wani haske 'yan santimita a gaba, inda iskar da ta fito da gudun da ya fi na sauti ke cin karo da kanta ta sake matsewa ta ƙara zafi. Sai babbar, mai launin fari da ruwan ɗorawa, wadda ita ce cin kabon monoksaid da haidurojin a sarari, kuma wancan karon na tsakiya ne yakan kunna ta. Bayan waɗannan akwai tartsatsi: ƙwayoyin albarushi da ba su gama ci ba, da ɓurɓushin ƙarfe da tagulla. A maganar gobara tartsatsin nan ya fi ƙwallon wutar muhimmanci, ko da yake ido ba ya ba shi daraja.

Wannan bayanin ne ke nuna dalilin da ya sa fistol mai bututu santimita 10 ba ta yin wuta kamar raifal da aka gajarta, alhali bututunta ya fi gajarta. Albarushinta kaɗan ne, kuma irin mai saurin ci ne da aka zaɓa don gajeren bututu. Matsala tana tasowa idan aka haɗa harsashin dogon bututu da gajeren ƙarfe. Sojoji sun daɗe da sanin haka. A 1944 da Ingila ta rage tsawon Lee-Enfield don yaƙin daji, sai da ta ɗora mata wani baki mai siffar mazurari. Rasha ta gajarta Mosin daga milimita 730 zuwa kimanin rabin mita, har yau an san wannan gajeriyar da ƙwallon wutarta. AK-74 tana da bututu milimita 415. Ƙanwarta AKS-74U mai cin harsashi iri ɗaya tana da kusan rabin haka, shi ya sa ba a ganinta sai da wani ƙullutun ƙarfe a baki mai ɗaki a ciki, inda iskar ke ɗan buɗewa kafin ta fita. Amurkawa ma a yaƙin Biyatnam, da suka gwada bututu inci 10 a kan harsashin 5.56, wuta da ƙara sun tilasta musu ƙara dogon ƙarfe a baki, daga baya suka ƙara wa bututun kansa tsawo zuwa inci 11.5.

To, me wannan wutar take iya kamawa? Kowane yaro ya san ana iya ratsa yatsa ta cikin harshen kyandir da sauri ba a ƙone ba. Zafin yana nan, lokacin ne bai isa ba. Walƙiyar bindiga tana rayuwa ne 'yan kashi kaɗan cikin 1,000 na daƙiƙa. Katako, ko bango, ko buhun hatsi, ko tufa mai kauri, sai an ɗumama fuskarsu zuwa digiri 250 ko 300 an kuma riƙe ta a haka har ta fara fitar da tururin da zai ci, sannan su kama. Walƙiya ɗaya ba ta da wannan haƙurin. Takan babbake gashi, ta bar baƙi a kan yadi, ta wuce. Amma akwai abubuwan da ba sa buƙatar a ɗumama su, don a shirye suke.

Na farkonsu tururin fetur. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Kano ko Maraɗi. Idan tururin ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin 100 na iskar wuri, ɗan tartsatsin da ido ba ya gani ya isa ya tayar da shi. Ya kuma fi iska nauyi sau 3 zuwa 4, don haka ƙasa yake kwanciya, ya bi lambatu, ya taru a ƙarƙashin mota da cikin rami, ya yi tafiyar mita da yawa daga jarkar da ya fito. Gas ɗin girki halinsa ɗaya: yana kamawa daga kimanin kashi 2 zuwa 9 cikin 100, shi ma ƙasa yake bi. Wannan ya shafi masu gadin gidajen mai, da 'yan sintirin da ke kwana kusa da teburin 'yan bumburutu, da duk jami'in da ke tsaye a ɗakin janareto ko a bayan mota mai ɗauke da jarkoki. Harbin gargaɗi sama a irin waɗannan wurare ba ƙaramin ganganci ba ne, musamman a wurin da tankar mai ta faɗi, inda tururin ya riga ya mamaye fili. In hanci yana jin warin fetur ko gas, ba wurin harbi ba ne. Rashin jin warin a tsaye kuma ba shaida ba ce, tunda tururin yana wajen gwiwa da ƙasa. Man dizal da kananzir ba sa yin tururi haka a yanayin ɗaki, sai sun ɗumama ko sun fantsama kamar feshi, amma tsumman da ya sha su yana kamawa.

Na biyu abubuwa masu laushi da siranta: bunun jinka, ƙaiƙayi, audugar da aka saɓa, gashin busasshiyar ciyawa, harawa, ƙurar gari a wurin niƙa. Siririn abu ba shi da jikin da zai shanye zafi, nan take yake kaiwa matakin kamawa. Masu nazarin gobarar daji suna kiran ciyawa da ƙiraren da kaurinsu bai kai milimita 6 ba makamashin awa ɗaya, domin cikin kamar awa guda suke daidaita danshinsu da na iska. Ma'anar wannan a lokacin hunturu, sa'ad da danshin iska a arewa kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ita ce ciyawar da ta yi sanyi da asuba ta zama abin kunna wuta kafin azahar. Wanda ya kwanta rub da ciki ya yi harbi da gajeriyar bindiga, bakinta yana cikin ciyawar ko tazarar taƙi ɗaya daga gare ta. Harbi ɗaya ba lalle ya kama ba. Harbi 30 a jere a wuri ɗaya yana busar da ciyawar, ya babbake ta, ya yayyafa mata ƙwayoyin albarushi, na ƙarshe ya kunna.

A nan ƙarfen da ke bakin bindiga yana da tasiri, kuma mutane suna rikita iri biyu. Akwai makarin walƙiya, mai tsaga-tsaga, wanda ke tarwatsa iskar ya sanyaya ta don kada babbar wutar ta kama. Akwai kuma birkin baki, wanda aikinsa rage dukan kafaɗa ne ta hanyar karkatar da iskar gefe ko sama. Birki ba ya rage wuta, juya ta yake yi zuwa ga wanda ke tsaye kusa da kai, ko zana, ko labulen taga. Masu ƙera harsashin soja kuma suna zuba ɗan gishirin fotasiyam a cikin albarushi don ya hana iskar kamawa a waje, shi ya sa bindiga ɗaya takan yi wuta kaɗan da wani harsashi, ta yi ƙwallo da wani. Duk waɗannan dabaru suna rage abin da ido ke gani. Ba sa hana tartsatsi fita, ba sa hana ƙarfe yin zafi.

Zafin ƙarfe shi ne abin da aka fi mantawa. Bayan an zazzage gidan harsashi biyu ko uku a jere, bututu yana kai ɗaruruwan digiri, salansa, wato marage ƙarar da ake ɗaurawa a baki, kuma ta fi shi, kuma wannan zafin yana daɗewa mintuna, wato yana da abin da walƙiya ta rasa. Bindigar da aka ajiye a kan busasshiyar ciyawa, ko aka jingina da zana, ko aka jefa a kan kujerar mota mai soso, tana iya fara cin abin a hankali ba tare da harshen wuta ba. Harsashin da aka bari a cikin ɗakin bututu mai irin wannan zafi kuma yana iya tashi da kansa ba a taɓa kunama ba, domin albarushin zamani yana kamawa tun bai kai digiri 200 ba. Don haka ƙa'idar bayan dogon harbi ita ce a cire gidan harsashi, a fitar da na ciki, a bar bakin ɗakin a buɗe, a ɗora bindigar a kan ƙasa tsura ko dutse, bakinta na kallon inda ba kowa.

Libarba, wato fistol mai gangar harsashi da ke juyawa, tana da nata haɗarin. Tsakanin gangar da ke juyawa da gindin bututu akwai 'yar tazara, kimanin milimita 0.1 zuwa 0.2, kuma ta nan iska mai zafi ke fita gefe biyu kamar wuƙa. Yatsan da ya wuce gaba ya daidaita da wannan tsagar yana iya yagewa, in harsashin mai ƙarfi ne irin .357 Magnum. Hannun riga, ko bargo, ko jakar da aka ɗora libarba a kai aka harba, a daidai nan suke ƙonewa.

Wuri mafi haɗari duka shi ne ɗakin koyon harbi da ke rufe, kuma a nan ne gajeriyar bindiga ta fi yin ɓarna, a hankali, ba wanda ya lura. Kowane harbi yana zubar da 'yan ƙwayoyin albarushi da ba su ci ba, gajeren bututu ya fi zubarwa. Suna sauka a mitocin farko da ke gaban layin masu harbi. Rana ɗaya ba a ganinsu. Bayan wata guda sun cika tsagar siminti, sun shiga ƙarƙashin darduma, sun maƙale a soson da aka manna a bango don rage ƙara, sun taru a bututun fitar da iska da matatarsa. Albarushi ne cikakke, ba abin da ya ragu daga ƙarfinsa. Ranar da tartsatsi ɗaya ya faɗa inda ya taru, wutar tana bin ƙasa da gudu, ta hau bango, soson ya kama ya fitar da baƙin hayaƙi mai guba da ke kayar da mutum kafin ya kai ƙofa. Haka ta faru a birnin Busan na Koriya ta Kudu ranar 14 ga Nuwamba 2009: gobara a wani ɗakin harbi ta kashe mutum 15, 10 daga cikinsu 'yan yawon buɗe ido ne daga Japan, kuma bincike ya danganta ta da ragowar albarushin da wutar harbi ta kunna. Abin da ke sosa rai a wannan shi ne maganinsa ba tsada gare shi ba, shara ce.

Sai dai sharar tana da ƙa'ida. Ba a share irin wannan daɓe da busasshiyar tsintsiya, domin tana tayar da ƙurar dalma mai cutar da jini da ƙwaƙwalwa, tana kuma tara albarushin wuri ɗaya. Ba a amfani da injin zuƙar ƙura na gida, don motarsa tana tartsatsi a ciki, ga albarushi an tara masa a jaka. Ana jiƙa daɓen ne a goge da ruwa, ko a yi amfani da injin da aka ƙera musamman don ƙura mai kamawa. Abin da aka kwashe a ajiye shi a jiƙe cikin bokiti mai murfi, kada a haɗa da takardu a kwandon shara, kuma a tuna cewa in ya bushe ƙarfinsa ya dawo. Daɓen ya zama sumul, ba tsaga, ba darduma. Kayan rage ƙara su zama irin da ba sa ci da wuta. Iska ta riƙa tafiya daga bayan masu harbi zuwa wajen abin bara. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar gudun ƙafa 75 a minti a daidai layin harbi, wato kusan mita 0.4 a daƙiƙa. Ƙofar fita ta kasance a bayan masu harbi, tana buɗewa waje, ba kwaɗo a jikinta muddin akwai mutum a ciki.

Wutar albarushi kuma ba a danne ta. Yana ɗauke da nasa oksijin, wanda ko bai isa ya cinye shi tas ba ya isa ya ci gaba da ci, don haka bargo ko yashi ba sa shaƙe shi yadda suke shaƙe wutar mai. Ruwa mai yawa ne maganinsa, don ya sanyaya ya jiƙa wanda bai kama ba tukuna. Wutar fetur akasin haka take: ruwa yana ɗaukarta ya yaɗa, ita sai hodar kashe gobara, ko kumfa, ko yashi. Wurin da ke da albarushi da janareto yana buƙatar iri biyun, kuma kowane ma'aikaci ya san wanne ne na wanne tun kafin ranar.

A fili kuma, yawancin gobarar da harbi ke jawowa ba a bakin bindiga take farawa ba, a can inda harsashi ya sauka ne. A 2013 masu bincike na hukumar kula da dazuzzuka ta Amurka sun harba harsasan raifal iri-iri a kan farantin ƙarfe suka bar ɓaraguzan suna faɗawa kan busasshen makamashi. Sun tarar ɓaraguzan suna kai zafin kusan digiri 800, kuma harsashi mai zuciyar ƙarfe da wanda aka yi da tagulla zalla sun fi mai zuciyar dalma kunna wuta nesa ba kusa ba. Dalilin a fili yake: ƙarfin gudun harsashin ne ke komawa zafi lokacin da ya daki abu mai tauri ya tarwatse. Harsasan AK da yawa masu zuciyar ƙarfe ne, ƙasarmu kuma ga duwatsu a cikin ciyawa. Harsashi mai wuta a gindi, wanda soja ke amfani da shi don ganin inda harbi ke tafiya, ya fi kowanne muni. Shi ne ya tayar da gobarar Lake Christine a jihar Kolorado a Yulin 2018, daga wani filin koyon harbi. Ta cinye fiye da eka 12,000 da gidaje 3. Irin wannan wutar takan fara ne a ɓoye, mita 100 ko 200 daga mai harbi, tana cin ƙasa-ƙasa, sai an kwashe kaya an tafi iska ta taso ta hura ta.

A ƙasar Hausa bindigar da ta fi kusa da jama'a ita ce ta gargajiya da ake ɗurawa ta baki, ta mafarauta da ta 'yan bindigar da ke buɗe hawan sallah a Kano da Katsina da Zariya. Duk abin da aka faɗa a sama game da gajartar lokacin walƙiya bai shafe ta sosai ba. Baƙin albarushi idan ya ci, fiye da rabin abin da ya bari daskararre ne, shi ya sa hayaƙi ke turnuƙewa, tartsatsi kuma ya zubo kamar na maƙera, yana ci har ya sauka ƙasa. Tsumma ko takardar da aka danna a kan albarushin tana fita tana hayaƙi ta faɗi mitoci a gaba, kuma ita garwashi ce mai rai da za ta iya minti tana ci a kan jinka, ko danni, ko tarin kara. A taron hawa ga manyan riguna, ga rawuna, ga yaduddukan roba. Auduga tana ci, amma yadin roba narkewa yake yi wajen digiri 250 ya manne a fata, ƙunarsa ta fi zurfi. Mafi munin haɗarinta yana wajen sake ɗuri. Garwashin tsumma yakan rage a gindin bututu bayan harbi. In aka zuba sabon albarushi kai tsaye daga gora ko kwalba, wutar tana hawowa ta bi zubin ta shiga gorar da ke hannu, a daidai fuska. Saboda haka ake goge cikin bututu da ɗan tsumma mai danshi tsakanin harbi da harbi, a auna albarushin a wani ɗan ma'auni dabam, a rufe gorar kafin a zuba, kuma fuska da yatsu kada su tsaya a saitin baki. In an ja kunama ba ta tashi ba, a riƙe ta tana kallon inda ba kowa aƙalla minti ɗaya, domin baƙin albarushi mai ɗan danshi yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Leƙa bakin bindigar da ta ƙi tashi ya makantar da mutane da yawa.

Kada kuma a ce ai ba dalma a ciki. Harbin da ba harsashi yana fitar da iska da wuta da abin toshi da ƙarfin da ke kisa a kusa. A 1984 ɗan wasan Amurka Jon-Erik Hexum ya ɗora libarba mai irin wannan ɗuri marar dalma a gefen kansa a wurin ɗaukar shiri, ya ja kunama, ƙarfin iskar ya fasa ƙashin kansa ya mutu. Likitocin binciken gawa suna auna nisan harbi da alamun nan: babbakar gashi da fata a 'yan santimitan farko, baƙin hayaƙi zuwa kamar santimita 20 ko 30, ɗigon ƙwayoyin albarushi da suka huda fata zuwa wajen santimita 60, wani lokaci har mita guda. Masu shirya fim da masu wasan biki su ɗauki wannan mita ɗin a matsayin wurin da ake jin rauni tabbas, su ninka shi sau da yawa, kuma kada a saita mutum ko da wasa.

Maganar yanke bututu don bindiga ta shiga riga ko buhu, doka ta riga ta rufe ta. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana rage bututun bindigar farauta marar zare a ciki, wato mai sumul, ya gaza inci 20, a Amurka ma raifal da ta gaza inci 16 da ta farauta da ta gaza 18 suna ƙarƙashin doka ta musamman. Ko ba doka, wanda ya yanke ya jawo wutar da tartsatsin kusa da hannunsa da idonsa, ya ƙara ƙarar da dama ta haura desibel 140 da kunne ke iya ɗauka, kuma da dare walƙiyar za ta ɗauke masa ganin da ido ya shafe minti 20 zuwa 30 yana tarawa a duhu.

In ƙuna ta samu, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudu minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, kada a ɓamɓare yadin da ya manne. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja, ba baƙin mai. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Ƙwayoyin albarushi da suka shiga fata in ba a cire su da wuri ba suna zama zane na dindindin, waɗanda suka shiga ido kuwa kada a murza, kada a yi ƙoƙarin cirewa da tsinke ko bakin ƙyalle, a rufe idon a nemi likitan ido a ranar.

Filin atisaye a lokacin rani shirinsa yana farawa da fartanya. A kankare ciyawa har ƙasa tsura, aƙalla mita 3 ta kowane gefe na wurin kwanciyar masu harbi, a yi haka a kewayen abin bara da tudun da ke tare harsashi, a tsince duwatsu da ƙarafa daga tudun. A yi harbin da sassafe, a dakata in iska ta taso. Jarkar ruwa lita 20 guda biyu ko uku, da shebur, da ɗanyen reshe su kasance a kusa, a kuma ware mutum ɗaya wanda ba ya harbi, aikinsa kallon bayan abin bara kawai, domin wanda idonsa ke kan saiti ba ya ganin siririn hayaƙi. Da an gama, ba a tafiya nan take. A bi filin da ƙafa daga wurin harbi har bayan tudun, a jira rabin awa ko fiye. Abin da aka fi dubawa shi ne busasshen kashin shanu da ruɓaɓɓen kututture, don suna riƙe wuta a ciki awanni ba hayaƙin kirki. A kara bayan hannu kusa da su, wanda aka ji ɗumi a fasa shi da shebur a zuba ruwa har ya zama taɓo.